Ɗan Dabinon Da Aka Karɓe Mini A Filin Jirgi

Yau ina so in ba ku labarin wani laifi da na daɗe ina ɗora wa wani yaro, alhali kuwa ni ne mai laifin. Ban san sunansa ba, ban kuma san inda ya ke a yanzu ba. Abin da na sani shi ne na yi kusan shekara huɗu ina jin haushinsa. Tun da ba ni da hanyar da zan same shi in ba shi haƙuri baki da baki, sai na ga ya kamata in yi a wannan fili, wataƙila Allah ya sa jaridar ta faɗa hannunsa.

A shekarar 2012 Allah ya nufe ni da sauke farali. Sa'ad da mu ke Madina na saba da wani dattijo mai gonar dabino, har ranar da za mu rabu ya yi mini kyautar da ta fi mini kowace tsaraba, watau ɗan dabino, irin 'ya'yan nan da ke tsirowa a gindin uwa, waɗanda a ke cirewa a dasa. Duk mai dabino ya san darajar wannan kyauta. In ka shuka ƙwallo ba ka san abin da zai fito ba, ko namiji ko mace, ko mai zaƙi ko marar kirki. Amma ɗan da aka cire daga gindi, uwarsa zai gado sak. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, na sa shi a tsakiyar kayana. Tun muna cikin jirgi na riga na zaɓa masa wuri a garkata, ina ta hangen jikokina a ƙarƙashinsa suna tsintar dabinon Madina bayan ba raina.

Da muka sauka, wajen binciken kaya, sai wani saurayi daga cikin ma'aikatan da ke duba tsirrai ya ɗaga buhun, ya ce, "Barka da sauka, Baba Alhaji. Ina takardar wannan itace?"

Na ce, "Wace irin takarda kuma, ɗana? Itace ma fasfo gare shi?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. In babu takardar da hukumar can ta shaida lafiyarsa, ba zai shiga ƙasar nan ba. Sai dai a ƙone."

Na yi roƙo, na yi magiya, na kawo masa falalar garin da itacen ya fito. Da na ga bai motsa ba, sai na yi abin da har yau in na tuna kunya ta kan kama ni: na sa hannu a aljihu. Yaron ya dube ni, ya yi ƙasa da murya don kada na bayana su ji, ya ce, "Haba Baba, daga ina ka fito? Kada ka ɓata aikinka saboda itace." Na cire hannuna, na ɗauki sauran kayana, na wuce ko sallama ban yi masa ba. Tun daga ranar, duk majalisar da na zauna aka tayar da zancen ma'aikatan gwamnati, sai na kawo labarinsa misalin rashin imani da rashin ganin girman furfura.

Ana nan sai ga bazarar 2016. Tun da na bar aikin koyarwa noman rani ne abin yina, kuma a wannan shekara na zuba abin da na mallaka a tumatir. Ya yi kyau har maƙwabta na yi mini barka. Wata safiya na lura da wasu fararen tabo a ganye, kamar an kankare cikinsa an bar fatar. Na sayo magani na fesa. Bayan kwana uku abin ya ƙaru, na ƙara wani maganin. Kafin mako biyu garkar ta zama kamar an bi ta da wuta, 'ya'yan kuwa duk wanda ka tsinka sai ka ga ƙofa a jikinsa, ciki ya ruɓe. Ba ni kaɗai ba ne. Daga Kano zuwa Katsina, Jigawa da Filato, kuka ɗaya a ke yi. Manoma suka sa wa tsutsar suna sharon, waɗansu suka ce Ebolar tumatir. A watan Mayu na shekarar Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, a kasuwa kuwa kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa, har matan gida suka koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ba don suna so ba.

Cikin wannan hali wani tsohon ɗalibina, wanda ya zama malamin gona, ya zo yi mini jaje. Ya tsinki ganye ɗaya ya ɗaga shi wajen rana, ya nuna mini 'yar tsutsa kwance tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Ya ce, "Malam, ka ga dalilin da ya sa maganinka bai same ta ba. A cikin ɗaki ta ke, kai kuwa rufin ka ke wankewa." Ya gaya mini uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, mace ɗaya ta kan yi ƙwai sama da 200. Na tambaye shi, "To, ina ta ke duk shekarun nan ba mu taɓa ganinta ba?" Ya ce ai baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu. A 2006 aka fara ganinta a ƙasar Sifen, a 2008 ta ƙetare teku zuwa Aljeriya da Maroko, daga nan ta yi ta gangarowa har ta same mu. Ya ce fiffikenta ba zai ƙetare tekun Atlantika ba, ɗauko ta aka yi: cikin akwatin tumatir, cikin dashe, cikin kayan wani wanda bai san da ita ba.

Jin haka sai gabana ya faɗi, amma don in kare kaina na ba shi labarin ɗan dabinona, ina sa ran zai taya ni jin haushi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ka gafarce ni, amma yaron nan alheri ya yi maka." Ya ce akwai wani jan ƙwaro mai dogon baki da ke kashe dabino, wanda asalinsa kudancin Asiya ne. Cikin shekarun 1980 ya shiga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, har da Saudiyya, a 1992 kuma aka gan shi a Masar. Tsutsarsa a cikin kututture ta ke zama tana ci, daga waje ba ka ganin kome sai ran da kan itacen ya karye. Babbar hanyar da ya ke bi daga ƙasa zuwa ƙasa kuwa ita ce 'ya'yan dabinon da a ke cirewa don dashe. Ya ce, "Mai yiwuwa naka lafiyarsa lau. Amma kai ba ka sani ba, dattijon da ya ba ka bai sani ba, yaron ma bai sani ba. In da akwai ƙwai a ciki fa? Me za ka gaya wa masu dabino na Dutse, da na Agadas?"

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita. Amma tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari, da tambaya da karatu, kuma abin da na fahimta shi na ke so in taƙaita muku.

Takardar nan da na yi wa ba'a ba yaron ya ƙago ta ba, ba kuma gwamnatinmu ba. Tana da tarihi mai tsawo. Cikin shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shiga Faransa daga Amurka a jikin dashen da masu sha'awar itatuwa suka kawo, ya halaka gonakin inabi na Turai ba iyaka. Wahalar da suka sha ita ta sa a 1881 ƙasashe biyar suka sa hannu a kan wata yarjejeniya don hana yaɗuwarsa. Daga wannan tushe aka yi ta gini har 1951, sa'ad da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta tsara yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, wadda ta fara aiki a 1952. Yau ƙasashe fiye da 180 ke cikinta, har da Nijeriya. Ginshiƙinta magana ɗaya ce: ƙasar da tsiro ko iri zai fita daga cikinta ita za ta duba shi ta ba da shaida a rubuce, ƙasar da zai shiga kuwa tana da ikon tsare shi, ko mai da shi, ko ƙone shi. Watau kowa mai gadin ƙofar ɗan'uwansa ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka su kan ci har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a kowace shekara. Ka ga ashe maganar ta wuce ta Alhaji ɗaya da buhunsa.

Labarin da ya fi taɓa zuciyata kuwa shi ne na rogo, domin ya faru a zamanina, a ƙasata, ina kuma cin moriyarsa ban sani ba. A 1973 aka fara lura da wani farin ƙwaro, dangin darɓa, a gonakin rogo na yankin Kwango. Ya kan taru a kan toho kamar an barbaɗa gari, ya tsotse ruwan, ganye ya dunƙule, saiwa ta ƙi girma. Ba ya ma bukatar namiji kafin ya hayayyafa. Masana sun tafi a kan cewa a jikin karan rogon da wani ya shigo da shi daga Amurka ta Kudu ya zo. Wanda ya kawo karan nan, ina jin, niyyarsa irin tawa ce: ya ga iri mai kyau, ya so mutanensa su amfana. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ƙwaron ya iso Nijeriya, a waɗansu gonaki hasarar ta kai kashi 80 cikin 100. Rogo kuwa shi ne abincin mutane wajen miliyan 200 a Afirka a lokacin. Mu nan arewa muna iya cewa ai mu gero da dawa ne namu, amma wane ɗan makaranta ne bai rayu da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ba? Ni dai a shekarun nan ina ƙaramin malami, shi ne abincin ƙarshen watana.

Feshi ba zai yiwu ba. Gonakin ƙanana ne, warwatse cikin ƙasashe da yawa, masu su kuwa talakawa ne. A cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wadda a ke kira IITA, akwai wani saurayi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Herren, wanda ya kama aiki a 1979. Shi da abokan aikinsa suka yi wani tunani mai sauƙi. Rogo kansa baƙo ne a Afirka, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Amurka ta Kudu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A can gidansa kuwa ba a jin kukan wannan ƙwaro. Me ya sa? Lalle akwai abin da ke cinsa a can, wanda bai biyo shi nan ba. Ɓarawo ya zo, ɗan sandan da ya san shi ya zauna a gida.

Aka shiga nema ƙasa bayan ƙasa, abin ya yi wuya, domin a can ƙwaron ba shi da yawa har a gan shi. A 1981 wani masani Ba'amurke, Anthony Bellotti, ma'aikacin wata cibiya irin ta Ibadan da ke ƙasar Kolombiya, ya ci karo da shi a Faraguwai. A nan aka sami maƙiyinsa, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, bai fi ƙwayar gero ba. Macen ta kan soki farin ƙwaron ta sa ƙwai a cikinsa, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye shi daga ciki. To, a nan ne wurin lura. Duk da yunwa na ƙofa, ba a ɗauko shi kai tsaye an sake a Afirka ba. Sai da aka kai shi Ingila aka killace, aka tabbatar ba ya ɗauke da wata cuta, ba zai kuma koma kan wani abu mai amfani ba. Maganin ma sai da ya nuna fasfo. A ƙarshen 1981 aka sake shi a Ibadan, daga baya aka yi ta kiwonsa ana rarraba wa ƙasashe, a mota da kuma ta jirgin sama mai tashi ƙasa-ƙasa. Ya kafu a ƙasashen Afirka fiye da ashirin, farin ƙwaron ya lafa, ba manomin da ya biya ko kwabo. A 1995 aka ba Herren babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda wannan aiki.

Labarin bai ƙare nan ba. A 2008 farin ƙwaron ya ɓulla a Tailan, ƙasar da ke kan gaba wajen sayar da garin rogo ga duniya. Ina suka nufa neman taimako? Afirka. A 2009 aka ɗauki ɗan zanzaron daga reshen IITA da ke Jamhuriyar Benin aka kai musu, suka hayayyafa shi, suka sake a 2010. Abin da Faraguwai ta ba mu kyauta, mu ma muka miƙa shi gaba.

Wannan duk game da ƙwarin da ke zuwa cikin jakar mutum ne. Akwai kuma masu zuwa da fiffikensu, waɗanda ba mai tsare su a filin jirgi, shugabarsu kuwa fara. Kakata ta sha ba mu labarin shekarar fara, yadda rana ta kan dushe da tsakar yini, maza da mata su fita suna kaɗa gwangwani, ana haƙa ramuka ana kora ɗango ciki. A lissafin FAO, garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya ya kan ci abincin mutum 35,000 a yini guda, ya kuma yi tafiyar kilomita 150. A 1988 har tekun Atlantika ta ƙetare daga Afirka ta Yamma, ta sauka a tsibiran Karebiyan. Farar da za ta ci geron Damagaram ko na Daura, a can cikin hamada ta ke ƙyanƙyasa, inda ba gonar kowa. In ba a kashe ta tana ɗango ba, to, sai dai addu'a. Don haka ƙasashe goma na arewa da yammacin Afirka, har da Nijar, Chadi, Mali, Muritaniya da Aljeriya, suka haɗu cikin wata hukuma da ta fara aiki a 2002. Ma'aikatansu su kan bi kwazazzaban Abzin da Tamesna bayan ruwan sama suna neman ƙwai da ɗango, su aika da rahoto birnin Rum, inda a ke haɗa labarin ƙasashe duka a fitar da gargaɗi kowane wata. Manomin Sakkwato bai san su ba, amma suna cikin masu gadin rumbunsa.

Kada kuwa mai karatu ya ɗauka cewa wannan haɗin kai ba shi da aibu. A farkon 2004 FAO ta roƙi dala miliyan 9 don a murƙushe fara tun tana ƙarama. Masu hannu da shuni suka yi jinkiri, farar ta yi fiffike ta mamaye Muritaniya, Senegal, Mali da Nijar, aka ƙare da kashe fiye da dala miliyan 400. A 2005 kuwa, da fari da fara suka haɗu, 'yan'uwanmu na Nijar suka sha yunwar da ba mu manta ba. A 2012 rikicin Libiya ya hana masu bincike shiga waɗansu wurare na iyakarta da Aljeriya, fara ta hayayyafa a can ta gangaro arewacin Nijar da Mali. Inda bindiga ta hana ma'aikaci shiga, ba ta hana fara. Har wa yau, duk da yarjejeniya da takardu, a farkon 2016 aka ga baƙuwar tsutsar masara daga nahiyar Amurka a kudu maso yammacin Nijeriya, kafin ƙarshen 2018 ta gama yawancin Afirka ta isa Indiya. Bango ne mai tsaga da yawa, ƙadangaru kuwa ba sa barci.

Sa'an nan mu sani ƙofar nan baki biyu gare ta. Yadda mu ke tsare kayan waɗansu, haka su ke tsare namu. A 2018 manoman zoɓorodo na Jigawa da Kano suka ga kasuwar Meziko, wadda ita ce babbar mai saye, a rufe, saboda an sami ƙwaron rumbu a cikin waɗansu kaya da suka fito daga nan. Sai da aka yi shekaru ana gyara da tattaunawa kafin a sake buɗewa. Sakacin 'yan kaɗan ya jawo wa dubbai hasara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To, mene ne namu a ciki, mu da ba ma zuwa taron Rum? Ni dai abin da na koya da tsadar garka guda shi ne, duk yarjejeniyar da manya za su sa wa hannu, ƙarshenta a jakar matafiyi ta ke cika ko ta warware. Mu mutane ne masu tafiya. Muna zuwa Makka, muna fatauci Kumasi da Yawunde da Njamena, kuma ba mu da kyautar da ta fi iri mai kyau. Alhaji, ka kawo zamzam, ka kawo carbi da sallaya. Amma dashe, da kara, da saiwa, da iri, da ƙasar da ke manne a jikinsu, ka bar su inda ka gan su, sai fa in ka bi ta hannun hukuma an duba an ba ka takarda. Manomi kuwa in ya ga baƙon ƙwaro a gonarsa, kada ya tsaya yana gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi. Ya tsinki ganyen ya kai wa malamin gona tun abin bai yi nisa ba. Ga hukumomi kuma, roƙona shi ne a riƙa faɗa wa maniyyata wannan magana tun a wurin bita, da Hausa, tare da dalilinta. Da an gaya mini labarin jan ƙwaron nan kafin in tashi, da na karɓi kyautar dattijon da godiya na bar masa ita ya dasa da sunana.

Wurin da na zaɓa wa ɗan dabinon bai zauna fili ba. Ɗalibin nan nawa ya samo mini wani daga Dutse, na dasa, ya kama, jikokina sun fara hawa. Ba na Madina ba ne, amma ina kwana da sanin cewa ban shigo wa kowa da annoba ba.

Kai kuma ɗana na filin jirgi, in wannan ta same ka, ka yafe wa Babanka. Ka tsare mini aikin hajjina, ka tsare wa mutanen da ba su san ka ba dabinonsu, na saka maka da ɓata suna. Allah ya yi maka albarka, ya yawaita mana irinka a bakin kowace ƙofa. Mu kuma Allah ya kiyaye mana amfaninmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.